Maƙwabcina zai gina ɗakin aladu kusa da bargata, me zai sami dawakina?

Mai wannan tambaya wani Alhaji ne da ke da gona a bayan garin Kafanchan. Yana da ingarma ɗaya da yake hawan sallah da shi, da goɗiya mai cikin wata bakwai. Maƙwabcinsa na gona, wanda suka shekara da shekaru suna zaman mutunci, ya sanar da shi cewa zai gina ɗakin aladu kamar ashirin a bakin iyaka, taku kaɗan daga barga. Rafi ɗaya suke ɗiba, injin niƙa ɗaya suke kai hatsi. Yana so ya sani: cutar aladu za ta kama dawakinsa? Gaskiya ne warin alade yana haukata doki, har ya sa goɗiya ɓari? Ko ya ta da bargar tun da wuri?

Alhaji, kada ka ta da barga tukuna. Doki da alade suna iya zama a gonaki biyu masu iyaka ɗaya shekara da shekaru ba tare da ko ɗaya ya yi tari ba, na kuma ga haka da idona. Sai dai abin da ka sa a gaba, wato cutar aladu ta tsallako ta kama doki, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da ya kamata su hana ka barci. A aikina na likitan dabbobi, dokin da na ga ya mutu saboda maƙwabtaka da aladu bai taɓa haɗa numfashi da alade ba. Buhun abincinsu ne ya kashe shi. Don haka daga buhun zan fara, a nan kuma zan fi daɗewa.

Cikin doki ba irin na sauran dabbobin gida ba ne. Tumbinsa ƙarami ne in aka duba girmansa, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, sai dai ya bi ta baya. Narkar da ciyawa kuwa a can babban hanji ake yin ta, inda wasu ƙananan halittu suke zaune suna yi masa aikin. Duk abin da ya kashe waɗannan halittu, ko ya canja musu abinci farat ɗaya, ya taɓa ran dokin. Abincin aladu kuma an haɗa shi ne don dabbar da ake so ta yi ƙiba cikin 'yan watanni: masara niƙaƙƙiya, tunkuzar gyaɗa ko waken suya, garin kifi, sannan magunguna. Ko babu magani ko ɗaya a ciki, dokin da ya sami buhu a buɗe ya ci son ransa zai kwana da kumburin ciki, in ya tsira daga wannan kuma, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka gan shi ya tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya koma da nauyinsa baya, kofato ya yi zafi kamar an gasa. Naman da ke riƙe da ƙashi a cikin kofaton ne ya kumbura. Dokin da ya yi irin wannan ciwo mai tsanani sau da yawa ya gama hawan sallah har abada.

Magungunan su ne suka fi muni. Akwai wani rukuni da ake zubawa a abincin kaji don hana su gudawar jini, a wasu wurare kuma a abincin shanu da aladu don su yi saurin girma. Sunayensu a jikin takardar buhu su ne monensin, salinomycin, narasin da lasalocid. Kaza tana cin su kullum ba abin da ya dame ta. Doki kuwa, miligiram 2 zuwa 3 na monensin a kan kowane kilo na nauyinsa ya isa ya kashe rabin dawakin da suka ci. Yi lissafi da dokinmu na Arewa mai kilo 350: abin kamar giram ɗaya ne kacal, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Salinomycin ya fi shi ma dafi ga doki. Za ka ce ai maƙwabcinka aladu zai kiwata, ba kaji ba. To masu aladu da yawa a wajenmu, idan suka yaye 'ya'ya, abincin kajin nama suke saya su ba su, ko su kwaso ragowar na gidan kaji da araha. Ta nan maganin yake shigowa gonar da ba a kiwon kaza ko ɗaya.

Wata asuba aka taɓa buga mini waya daga wata gona, wai dawaki biyu suna ciwon ciki. Da na isa na tarar da ɗaya a tsaye jiƙe sharkaf da gumi alhali sanyin hunturu ake yi, yana tangaɗi da ƙafafun baya kamar wanda ya sha ya bugu. An riga an ɗura masa man gyaɗa da kanwa, an zaga da shi fili har sau nawa. Na sa abin sauraro a ƙirjinsa, zuciya tana gudu tana tsallake bugu. Da ya yi fitsari sai ga shi ja wur ya doshi baƙi, kamar zoɓon da ya kwana. Nan na daina tunanin ciwon ciki na ce a nuna mini inda ake ajiye abinci. Ƙofar ɗakin da igiya aka ɗaure ta, igiyar kuma ga ta a tsinke, ga buhun abincin kaji da aka saya wa 'ya'yan aladu an farke shi, ga sawun kofato a cikin garin da ya zube. Wannan dokin bai kai daren gobe ba. Na biyun, wanda bai ci da yawa ba, ya tashi, ya yi ƙiba, kowa ya ce an auna arziki. Na gaya wa mai shi kada a hau shi sai an sake duba zuciyarsa, domin maganin naman zuciya yake ci, tabon kuma ba ya gogewa. Bayan 'yan watanni aka ɗaura masa sirdi, ya yi sukuwa ɗaya ya durƙushe. Allah ya sa yaron da ke kansa bai karye ba. Wannan dafin ba shi da makari. Abin da muke iya yi shi ne mu zura roba ta hanci mu wanke tumbi, mu ba da garin gawayi na asibiti da ruwan jijiya, shi ma in an kira mu cikin sa'o'in farko.

Akwai kuma lincomycin, wanda ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi a matsayin gari, ana zuba wa aladu da kaji a ruwa ko a abinci. Ga doki, yana kashe halittun nan na babban hanji, sai gudawa mai wari ta ɓarke wadda kan kashe shi cikin kwana biyu ko uku. Bokitin da aka dama wa aladu magani da safe, yaro ya ɗauraye shi sama-sama ya ba doki ruwa da rana, ya isa ya jawo magana.

Shi ya sa maganar injin niƙa ɗaya da ka ambata ta fi tsaya mini a rai fiye da maganar rafi. Idan mai injin ya gama haɗa wa wani abincin kaji ko na aladu, sannan ya zuba dawarka ko dusarka ba tare da ya share ba, ragowar tana cikin buhunka. Ka riƙa ba dawakinka gero ko dawa da ka san asalinsu, dusa kuma daga inda hatsin mutane kawai ake surfawa. Mudu, shebur, baro, bokiti, buhun da babu komai a ciki, kada ɗaya ya yi aiki a ɓangare biyu. Ka shafa wa naka fenti mai launi ɗaya don yaran barga su gane ko da duhu. Ɗakin abinci kuwa, naka da nasa, ƙofa da sakata da kwaɗo. Doki yana kwance igiya da leɓɓansa, duk wanda ya yi kiwonsa ya san haka.

Masara mai funfuna ita ma ka sa mata ido, musamman a yankinku da ruwa ke kai wa har lokacin girbi. Akwai wani dafi da funfunar masara ke fitarwa, ana kiransa fumonisin, masana a Afirka ta Kudu suka gano shi a 1988. Da aka girbe masarar 1989 a Amurka, dawaki da aladu suka yi ta mutuwa a lokaci ɗaya daga hatsi iri ɗaya: aladu huhunsu ya cika da ruwa, dawaki kuma ƙwaƙwalwarsu ta narke, doki ya riƙa zagaye wuri ɗaya, ya makance, ya kafa kai a bango. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙayyade kashi 20 cikin miliyan a masarar da za a ba alade, amma kashi 5 kacal ga doki. Ma'ana, tsakin masarar da maƙwabcinka zai saya da araha aladunsa su ci su kwana lafiya, kai in ya sammaka don kirki, doki ne zai biya. Haka dusar burukutu da ragowar abincin gidajen sayar da abinci da ake kwaso wa aladu. Alade yana jure ruɓaɓɓen abu fiye da yadda ake zato, doki kuwa yana cikin dabbobin da dafin ruɓa, wanda muke kira botulism, ya fi saurin shanye wa jiki. In kana da tumaki ma ka tsare su, domin abincin aladu akan ƙara masa sinadarin jan ƙarfe, shi kuma taruwa yake yi a hantar tunkiya har ya kashe ta.

Yanzu ga cututtukan da ka tambaya. Manyan annobar aladu ba sa kama doki. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ke share garke cikin mako ɗaya ko biyu, ba ya kama doki, ba ya kama mutum. Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke ce wa boru, na masu tsagaggen kofato ne, shanu da tumaki da awaki da aladu, doki ba ya ciki. Yawancin tsutsar cikin alade ba ta zama a cikin doki, haka ta doki ba ta zama a alade. Abin da ake ji a labarai na wata cutar ƙwaƙwalwa da sauro ke ɗauka daga alade ya kai wa doki da mutum gaskiya ne, amma ta Asiya ce, ko da yake ta ɓulla a gonakin aladun Ostireliya a 2022. Ba ita ce damuwar mai doki a Kudancin Kaduna ba.

Waɗanda suke tsallakawa da gaske ta ruwa da kashi suke bi. Ta farko ita ce leptospirosis, ƙwayar cuta da ke zama a ƙodar alade da ta ɓera, tana fita ta fitsari, tana daɗewa a raye a cikin ruwan da ya kwanta da laka. Aladen da ke ɗauke da ita sau da yawa lafiyarsa ƙalau a ido. Goɗiyar da ta sha ruwan kuwa tana iya ɓari a watannin ƙarshe na ciki. Ina jin daga nan ne zancen nan na cewa warin alade yana sa goɗiya ɓari ya samo tushe: mutane sun ga ɓarin, sun ga aladun, sai aka ɗora wa wari laifin fitsari. Ita ce kuma ke jawo wani ciwon ido da ke zuwa ya tafi, ya sake dawowa bayan watanni, ido ya yi ta hawaye, doki ya ƙi haske, har a ƙarshe ya makance. Mutum ma yana kamuwa, don haka yaron da ke wanke ɗakin aladu ba takalmi yana cikin haɗari fiye da dokinka. Ta biyu ita ce salmonela, ta kashi, wadda ƙuda da ɓera da takalmin mutum ke yawo da ita, kuma ta fi yi wa ɗan duƙushi illa.

Maganin waɗannan biyun ba allura ba ce, gangare ne. Ka fita ran da aka yi ruwa mai ƙarfi ka tsaya a bakin iyaka ka ga inda ruwan ke bi. Idan daga wajensa yake gangarowa wajenka, to kafin ya aza bulo ɗaya ku yi maganar kwata da ramin da ruwan wanki zai riƙa zuba. Kada ɗakin aladu ko ramin kashinsu ya kusanci rijiya ƙasa da mita 30, kada kuma ya zama a saman ta. Rafin nan ka daina kai dawaki su sha a ƙasan inda aladu za su riƙa shiga. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a yini gwargwadon zafi da aiki, ba abin da jarka uku ko huɗu ba za su ɗauka ba. Ciyawar da ake yankowa a bakin rafin, a ƙasan kwatarsa, ita ma a bar ta. Takin alade taki ne mai kyau ga masara, amma ɗanye kada ya hau filin da ake yanka wa doki ciyawa sai ya ruɓe ya huce.

Laka tana da wani sharrin. Alade ba ya gumi yadda zai sanyaya jikinsa, dole ya nemi taɓo ya kwanta, in bai samu ba ya haƙa. Ƙasa mai danshi da ta gauraya da kashi ita ce gidan ƙyashi, waɗannan ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba, su ne kuma ke ɗaukar cutar dawaki ta Afirka, mai kumbura kan doki a saman ido ta cika huhu da kumfa. Alade ba ya kamuwa da ita, ba ya ba da ita, amma taɓonsa yana renon mai ɗauko ta. Dawakinmu na gida sun fi na ƙetare jure mata, 'yan folo da ke shigo da dawaki daga waje su suka fi kuka da ita, duk da haka ba abin wasa ba ce. Bobuwa da ƙuda su ma a cikin ruɓaɓɓen kashi da ragowar abinci suke ƙyanƙyasa. Ƙudan gida yana kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10 in ana zafi, ka ga in ana kwashe kashi sau biyu a mako an katse masa hanya. Wannan kuma da kai da shi ne, domin tulin kashin dokinka ma gida ne gare su. Dawaki su shiga barga kafin rana ta faɗi, a yi musu hayaƙi kamar yadda iyayenmu ke yi, in da hali a sa raga mai ƙananan ido a taga. Inda kuma akwai kurmi a bakin rafi, ka tuna tsando yana son jinin alade, doki kuma ba ya jure sammore, cutar da tsandon ke ɗaukowa.

Batun wari da haukan doki, akwai gaskiya a ciki amma ba yadda ake faɗa ba. Doki dabba ce da Allah ya halitta da gudu a matsayin makami. Duk abin da bai sani ba, gudu yake fara yi, tambaya daga baya. Alade kuma ya haɗa duk abin da doki ya ƙi: gajere ne, yana motsi a ƙasa cikin ciyawa inda ido bai cika gani ba, yana fitowa ba sallama, yana gurnani, in an kama shi ko lokacin cin abinci ya yi sai ya ƙwalla ƙara mai huda kunne. Ingarman da bai taɓa ganinsa ba zai ɗaga kai, ya buɗe hanci, ya yi ta huci, jijiyar wuya ta tashi, wani ma ya ƙi abinci yini guda. Amma ka tuna ranar da aka fara fita da shi hawa. Ga 'yan bindiga suna ɓarin wuta, ga kakaki, ga algaita, ga tambari, ga dubban mutane. Yaya aka yi ya saba? A hankali, tare da tsohon doki a gefensa. Haka za a yi nan.

A kama shi da ragama, mutumin da ya fi yarda da shi ya riƙe, a tsaya nesa, daidai inda ya lura da aladun amma bai daina cin harawar da ke hannunka ba. Cin abincin shi ne ma'auni: dokin da ke tauna bai firgita ba. Minti goma ko sha biyar ya isa, a koma. Gobe a matsa taku biyar. In ya ƙi ci, an yi gaggawa, a ja baya. Kafin aladun ma su iso kana iya karɓo tsohon buhu da ya kwana a ɗakin aladu ka rataye shi nesa kaɗan da barga, inda baki ba zai kai ba, warin ya riga su zuwa. Abu biyu ne ba na so. Kada a dake shi don ya tsorata, sai ya haɗa alade da bulala a ransa, tsoron ya ninku. Kada kuma a ɗaure shi a turke ko a sa masa dabaibayi kusa da su wai ya saba dole. Dokin da ya firgita a ɗaure yana iya fizga ya karya wuya, ko igiya ta yanke masa ƙafa har jijiya. Yawanci cikin mako biyu ko uku za ka ga ya daina ko ɗaga kunne. Akwai ɗaiɗaiku da ba sa sabawa, irin waɗannan sai a toshe musu gani da bango ko zana, a nisanta. Wani abin mamaki, Turawan da suka zaga Maroko a ƙarni na 19 sun rubuta cewa attajiran can sukan ajiye aladen daji a cikin barga, wai aljanu su shiga shi su ƙyale dawaki. Camfi ne, amma ya nuna maka cewa doki yana kwana da alade a rufi ɗaya in ya saba.

Sabo bai sa a haɗa su a fili ɗaya ba. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Namijin alade da ya manyanta yana da haure da ba ya daina tsiro, na ƙasa yana goguwa da na sama yana wasa kansa kamar wuƙa, tsayin kansa kuma daidai jijiyar ƙafar doki da ƙasan cikinsa. Sara ɗaya yake yi daga ƙasa zuwa sama. Uwar 'ya'ya ma ba ta da wasa. Ta ɗaya ɓangaren, harbi ɗaya na ingarma yana karya bayan alade, ka ga an shiga maganar biya tsakanin maƙwabta. Sannan alade da hanci yake noma: filin da ya kwana a ciki zai cika da ramuka, dokin da ya zura ƙafa a guje kuma ka san sauran. Shingen da ke tsare doki ba ya tsare alade, domin shi ta ƙasa yake bi. Abin da ya dace da ɗakin aladu shi ne bangon bulo mai tushe a cikin ƙasa, tsayi kamar mita 1.2, da daɓen siminti. Naka shingen ya kai mita ɗaya da rabi, kuma kada ka sa waya mai ƙaya, ta fi alade yanka doki. A bar fili tsakanin bangonsa da shingenka, ko da mita uku ne, yadda hanci ba zai taɓa hanci ba.

Goɗiya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 340, wato saura mata kamar wata huɗu. Alade yana cin nama, warin jini da mahaifa kuma yana jawo shi, ɗan duƙushin da aka haifa yanzu kuwa yakan ɗauki kusan awa ɗaya kafin ya tsaya da ƙafafunsa. Ta haihu a ɗaki mai ƙofa, a binne mahaifa da zurfi bayan an duba ta cika. Ka sa a yi mata allurar rigakafin sarƙe-haƙora saura mako huɗu zuwa shida ta haihu, don ɗan ya samu ta nonon farko. Ingarman ma a yi masa in ba a taɓa yi ba: allura biyu, tsakaninsu mako huɗu zuwa shida, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Doki yana cikin dabbobin da wannan cuta ta fi kamawa, kuma ƙaramin rauni ya ishe ta.

Akwai abin da ban ji ka tambaya ba, shi ne kuma zai sauƙaƙa maka zama da maƙwabcin naka. A wannan maƙwabtaka shi ya fi ka abin tsoro. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda aka fara bayyana shi a Kenya a 1921, ya shigo Najeriya da ƙarfi a 1997, a 2020 kuma ya yi ɓarna mai yawa a babbar gonar aladu ta Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun. Ba shi da magani. Ƙwayar cutar tana da taurin rai, tana bin takalmi, tayar mota, kaya da ragowar nama. Ku kuma kuna zaune kusa da kasuwar aladu ta Katsit, wadda ke ci duk Alhamis, motoci suna zuwa daga kudu suna lodi. Dokinka ba ya kamuwa, amma yana yawo, yaron bargarka yana yawo, mai yanko ciyawa yana ratsa gonaki goma kafin ya iso. Duk wanda ya taka inda mataccen alade ya kwanta sannan ya ratsa ta ƙofar maƙwabcinka yana iya share masa jarinsa gaba ɗaya. Idan ka je masa da wannan magana, ka ce hanyar dawakinka da ta yaranka ba za ta bi ta gaban ɗakinsa ba, nasa yaran ma ba za su shigo bargarka ba, za ka ga ya fi ka son bango da tazara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, ɓera da ƙuda ba su san iyakar gona ba.

Game da wurin ginin, tunda bai fara ba, ka roƙe shi ya matsa. Taku kaɗan daga barga ya yi kusa. In gonarsa za ta ba da mita 50 ko fiye, ƙara da wari da ƙuda duk za su ragu sosai. A duba iska kuma: da damina daga kudu maso yamma take busowa, lokacin ne kuma wari ya fi tashi, da hunturu daga arewa maso gabas. Mafi kyau ɗakin ya kauce wa wannan layi, musamman kada ya zauna kudu maso yamma da bargarka ko da ɗakin kwananka. Ku kira duba-gari ko ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma ya tsaya a wurin, da mai unguwa a matsayin shaida, tun ana dariya. Sauya wurin tushe kafin a zuba siminti aikin yini ɗaya ne. Abin da ya shafi tsarki da najasa, in yana ranka, wannan fagen malamai ne, ni dai na jiki na sani.

In wata rana, Allah ya kiyaye, ka tarar doki ya shiga abincin aladu, kada ka jira alama ta fito, domin ta kan ɗauki sa'o'i, wani lokaci yini. Cire masa hatsi gaba ɗaya, bar masa ruwa mai tsabta, kada a ɗura masa mai ko jiƙo ta baki don yana iya wucewa huhu, kada a zaga da shi a guje. Kira likita nan take, ka ajiye buhun da takardar da ke jikinsa da mudu ɗaya na abincin a leda, ko da za a buƙaci kai shi gwaji cibiyar binciken dabbobi ta Vom ko asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. In hatsi ne ya yi masa yawa, a tsayar da ƙafafunsa cikin ruwan ƙanƙara tun kafin kofato ya yi zafi. Lambar likitan kuma ka rubuta ta da gawayi a bangon barga, inda yaron da ke kwana da dawakin zai gani, domin da tsakar dare irin wannan ke faruwa, lokacin kai kana gida.